Yadda Ake Ɗaura Makarin Iska a Bayan Kujerun Kabriyole

Iskar da take tsige wa mutum hula a cikin mota mai buɗaɗɗen sama, wato kabriyole, ba ta gaba take zuwa ba, ta ƙeya take bugowa. Wanda yake musu ya lura da matar da ke kujerar gaba idan an naɗe rufi an kama hanya: gyalenta gaba yake yi ya rufe mata fuska, ba baya yake kaɗawa ba. Sai ka gane wannan kafin ka ɗauki sufana, don duk aikin a kansa ya rataya.

Gilashin gaba ne yake tsaga iska ya cilla ta sama, ta bi ta bisa kawunanku ta wuce. Wurin zamanku sai ya koma rami, matsin iskar cikinsa bai kai na waje ba. Da wadda ta wuce ta kai saitin but, sai ta lanƙwaso ƙasa ta juyo ta cike ramin ta baya. Ka tsaya a kan gadar Binuwai da damina ka leƙa bayan ginshiƙi ɗaya: ruwa na wucewa ta gefe biyu, amma dab da ginshiƙin murɗowa yake yi yana komowa, karan dawa da robobi suna ta kewaya a wurin sun kasa tafiya. To haka bayan gilashin motarka yake. Makarin iska shinge ne da ake tsayarwa a bayan matasan kai na kujeru, ya tare wannan mai komowar. Mazda ta sa shi a RX-7 mai buɗaɗɗen sama tun ƙarshen shekarun 1980, Mercedes ta kawo nata a SL ta 1989, daga nan kowa ya bi.

Ni sana'ata kujerun mota da rufin tamfol, a nan Garwa. Kabriyole ba su da yawa a garin, masu su kusan duk mun san juna, kodayake tun da aka gyara wasu tituna saboda gasar kofin Afirka da aka buga a filin Rumde Ajiya a farkon 2022 sun ɗan ƙara fitowa da yamma. Wadda ta fi zuwa hannuna ita ce Peugeot 206 CC, mai rufin ƙarfe da ke naɗewa cikin but. Sai Mercedes SLK ta farko, wadda aka fara a 1996, da BMW Z3, da Mazda MX-5 jefi-jefi. Dukkansu tsofaffin Turai ne da suka sauka a Duwala, kuma da wuya ka ga wadda ta iso da makarinta, don tun can ake cire shi a sayar daban. Duk da haka, kafin ka kashe ko dala, ka kwashe kayan but ka duba. Yakan zo a naɗe cikin baƙar jaka shimfiɗaɗɗiya, mai mota ya yi shekara yana zaton jakar kayan aiki ce. Idan kuma MX-5 ɗinka ta 1998 zuwa sama ce, leƙa bayan kujeru, yawancinsu suna da ɗan ƙarami nasu na kamfani da ake tayarwa da hannu.

In babu, hanya biyu ce: ka yi oda, ko a haɗa maka a gida. Mai yin oda ta hannun ɗan'uwa a Faransa ko Beljiyam ya rubuta masa sunan makarin da Faransanci, filet anti-remous, in Jamus ce Windschott, ya haɗa da sunan motar da shekararta da hoton bayan kujerun. Hoton ya fi komai muhimmanci. Z3 na farko-farko ba su da ƙarafan kariyar nan biyu masu siffar baka a bayan kujeru, waɗanda ke kare kai in mota ta kife, na baya suna da su, kuma makarin ɗaya ba ya shiga ɗaya.

Raga ko filastik

Samari filastik suke so, wanda yake garai-garai, don ya fi kyau a hoto. Ni raga nake ba kowa shawara, kuma ina da dalili. Na farko, raga ba ta tare iska ɗungurungum. Tana barin kaɗan ta tsiyayo a hankali ta cike ramin nan, shi ya sa cikin motar yake lafawa ba tare da wannan bugun kunne ba. Na biyu ƙurarmu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu ba ya barin komai, filastik kuwa yana jan ƙura, kuma yaron wankin mota na farko da ya goga masa busasshen tsumma ya gama da shi, sai zane-zane. Da dare fitilar duk motar da ke binka sai ta watsu a kan zanen nan, madubin tsakiya ya zama hazo. Na uku, filastik yana maido hasken allon sitiyari da na motocin da ke tahowa, ka duba madubi ka ga fitilu a inda babu mota.

Wanda ya nace sai filastik, to ya san iri biyu ne. Akwai irin Plexiglas, yana jure rana amma yana tsagewa in an matsa masa. Akwai folikabonet, ba ya fashewa da sauƙi amma ya fi saurin karcewa, kuma in ba mai rigar kariya daga rana ba ne zai yi ɗorawa-ɗorawa. Kauri kada ya gaza milimita 5 zuwa 6, in ba haka ba zai riƙa rawa. Gilashin taga na gida kuwa, ko kyauta aka ba ka kada ka sa shi a bayan kan mutum.

Abin da ba a taɓawa

Kwanaki wani Alhaji ya kawo MX-5 da makarin da aka aiko masa, ƙafafunsa ba su dace da komai a motar ba. Ya nuna dandamalin da ke bayan kujeru, wanda rufi ke kwanciya a kai, ya ce, "Malam, ba sai ka huda nan ka ɗaure ba? Ai ƙarfe ne." Na ɗaga kafet ɗin na nuna masa murfin da ke wurin, na ce, "Ranka ya daɗe, famfon mai ne a ƙarƙashin wannan, tankin kuma duk faɗin nan ya kwanta." Shiru ya yi. A ƙananan motocin nan masu kujera biyu tanki yakan zauna ne a bayan kujeru, SLK ma haka take. Saboda haka injin huji ba ya kusantar ƙarfen bayan kujera, ko da kusa ɗaya ce.

Na biyu ƙarfen kariya. Wasu a tsaye suke dindindin, irin na SLK da Z3 da 206 CC, waɗannan ana iya rataya musu raga, amma ba a huda su, ba a yi musu walda. Wasu kuwa a ɓoye suke, sai mota za ta kife su harbo sama: Peugeot 307 CC, BMW E46 mai buɗaɗɗen sama, da Mercedes SL ta 1989 wadda nata yake miƙewa cikin kashi uku bisa goma na daƙiƙa. Irin waɗannan ba a ɗaura igiya ko maɗauri a kan murfinsu, ba a gicciya komai a hanyarsu. In motarka cikinsu take, nemi makarin da aka ƙera don ita, ka rabu da dabara.

Na uku wayoyi masu kan rawaya da ke ƙarƙashin kujera ko cikin robar gefe. Na jakar iska ne da na abin da ke fizge bel lokacin karo. In aikinka zai kai kusa da su, cire kan batir na baƙar waya, ka jira mintuna kafin ka sa hannu. A Peugeot kada ka cire batir da kashe mota nan take. Ka kashe, ka bar ta minti uku kwamfutarta ta kwanta tukuna, in ba haka ba za ta tashi da rigima iri-iri. Ka kuma tabbata kana da lambar sirrin rediyo, wadda zai nema in an mayar da batir, kafin ka cire.

Yanzu sai ɗaura makarin. Kayan aikin ba su da yawa: tef ɗin awo, salatif na takarda, fensir, sukundireba, saitin soket, alanki, makullai masu kan tauraro in motar Jamus ce, da tsohon bargo da za ka shimfiɗa a kan fentin bayan mota. A inuwa ake aikin. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke haura 40, ƙarfen kariyar da ya sha rana ba ya taɓuwa, robobin ciki kuma sun riga sun gasu shekara da shekaru, ɗan murɗi kaɗan sai ka ji ƙas. Wanke wurin tukuna. Yashin da ya maƙale tsakanin maɗauri da fenti shi ne zai ci fentin cikin wata guda.

Naɗe rufin gaba ɗaya, ka tura kujerun gaba. In rufin na lantarki ne ka bar injin a kunne lokacin naɗewa, don famfonsa yana shan batir. A 206 CC da SLK rufi ba zai motsa ba sai an ja labulen nan na cikin but an maƙala shi; mutane da yawa sun zo min da cewa rufi ya lalace, ashe labule ne.

Masu kujera biyu da ƙarfen kariya a tsaye su ne masu sauƙi. Ragar takan zo da aljihu biyu da ake zurawa a kan ƙarafan. Sabuwa tana da tauri, don haka ka shanya ta a rana minti biyar ta yi laushi. Kada ka zura gefe ɗaya har ƙasa sannan ka koma ɗayan, ɗinkin tsakiya zai yage. Ka sauke dama yatsa uku, hagu yatsa uku, haka har su zauna. Ka duba ɗinkin ya bi bayan ƙarfe daidai, tsakiyar ragar ta yi saiti da madubin tsakiya, sannan ka danna maɓallan ƙasa ko ka ja maɗauran. In ka buga ta da yatsa ta amsa, ta yi. In ta yi ciki, iska za ta riƙa kaɗa ta har ta huje a gefuna.

In filastik ne a kan ƙarafan, yakan zo da maɗaurin nan mai ƙaya-ƙaya da ake liƙawa a ɓanɓare, ko kuma da kilif na ƙarfe mai kusa. Yanka siririyar roba daga tsohon tub ka naɗa a ƙarfen kafin maɗauri ya hau. Ga wani abu da masu yi da kansu suke mantawa: filastik yana buɗewa da zafi. Faranti mai tsawon mita ɗaya, tsakanin sanyin asubar hunturu da zafin azahar, zai iya ƙaruwa da milimita biyu. In ramin kusa ya yi daidai da kusar cif, babu inda zai motsa, sai ya tsage daga ramin. Ramin ya fi kusar faɗi da milimita biyu, washa ta roba gaba da baya, ka ɗaure har ta kama kawai, kada ka danne.

MX-5 ta farko, ta 1989 zuwa 1997, ita ce mai buƙatar natsuwa, don makarai da yawa da ake sayar mata a kan kusar bel suke hawa, a ginshiƙan nan biyu na bayan kujeru. Ɗaga murfin roba da bakin sukundireba da ka naɗe da tsumma. Kafin ka kwance, ɗauki hoto da waya. Da kusar ta fito ka jera abin da ke jikinta a kan bargo yadda suka fito, washa da zobe da komai, don zoben nan shi ne yake ba bel damar juyawa. Ka sa ƙafar makarin a inda takardarsa ta nuna, ka mayar da komai bisa tsari, ka fara ɗaura kusar da yatsu. In ba ta shiga da yatsu zagaye huɗu ko biyar ba, to ta karkace, fito da ita. A motoci da yawa zaren kusar bel na inci ne, 7/16, ba na milimita ba. Ta milimita 10 za ta yi lako-lako, ta 12 ba za ta shiga ba, wanda ya tilasta ta kuwa ya kashe zaren da ran mutum ya rataya a kai. Saboda haka ba a zuwa kasuwa a sayo mai kama da ita. In ƙafar makarin ta yi kaurin da kusar asali ba ta kama sosai, kuma ba a haɗo da doguwa a cikin kwalin ba, bar wannan makarin. A ƙarshe ka ɗaure da sufana mai ma'auni daidai adadin da littafin motar ya faɗa, ka ja bel ɗin ka sake shi ka ga yana komawa da kansa, ka fizge shi ka ji ya cije.

Kada ka gama ɗaure gefe ɗaya kafin ka kama ɗayan. Ka sa duka biyun sako-sako, ka ɗora firam, ka koma bayan mota taku biyar ka dube shi. Ido ya fi tef gane karkata. Sai ya miƙe sannan ka ƙarasa.

206 CC da sauran masu kujerar baya

Nasu daban ne, ɓangare biyu gare shi: ɗaya a kwance ya rufe kujerar baya, ɗaya a tsaye a bayan kawunan na gaba. Kwantaccen ba ado ba ne. In babu shi iska za ta faɗa kan kujerar baya ta bi ta ƙarƙashi ta fito muku ta tsakanin kujeru, a gwiwar hannu da ƙugu. Duba robar gefe ta baya, dama da hagu, ƙasa kaɗan da gilashi; in ka yi sa'a za ka ga ramuka, wani lokaci a toshe da 'yar roba. Yawancin makaran suna da harsuna a baya da ƙusoshi masu sifirin a gefe. Ka buɗe shi, ka fara zaunar da bayan, ka janye ƙusar gefe ɗaya ka saita ta da raminta ka saki, ka yi wa ɗayan haka, ka ji ƙarar shigarsu. Sannan ka kama shi da hannu biyu ka jijjiga sama. Wanda bai kama ba a gareji, a kan hanyar Figil zai tashi ya faɗa wa na bayanka.

In babu ramuka, nan ne kaɗai nake yarda da huji, kuma a roba kawai. A bayan robar nan akwai injin ƙaramin gilashin baya, da abin naɗe bel, da lasifika, da wayoyi. Abin da ya fi shi ne ka cire robar ka huda ta a kan tebur. In ba za ta ciru ba, liƙa salatif a wurin, ka ɗora makarin a mazauninsa, yaro ya riƙe maka, ka yi alama da fensir inda ƙusa ta taɓa. Auna alamar daga abu ɗaya tabbatacce a kowane gefe, misali bakin ƙofa, ka ga sun yi daidai. Naɗa salatif a bakin injin huji ka bar santimita ɗaya kacal a waje, don kada ya zarce. Fara da siririn baki na milimita 3, ka faɗaɗa a hankali, ka sa zoben da aka haɗo da shi a ramin. Ramin da babu zobe yana faɗaɗa da kansa a kan gargada.

Muddin wannan makarin yana ɗaure, ba mai zama a baya, ko yaro. Masu ba da aron mota ranar ɗaukar amarya su cire shi tun a gida, don na san ƙawaye, sai sun shiga, kuma a kansa za su zauna. Kwantaccen ɓangaren ba ya ɗaukar nauyi, ko jakar hannu mai nauyi tana lanƙwasa shi.

Haɗin gida

Shi na fi yi, kuma in an yi da kyau ba ya jin kunya a gaban na Turai. Kwali ake farawa da shi. Mai motar ya zauna yadda yake tuƙi, kujera a inda ya saba. Ka yanka kwali ka tsayar a bayan matasan kai, tazarar tafin hannu ɗaya. Tsayinsa ya kai saman matashin kai ko ya ɗara kaɗan. In mutumin dogo ne, ya kai saitin saman kunnensa aƙalla. Wanda ya gaza haka wuya kawai zai kare. Faɗinsa ya kusa taɓa gilasan gefe in an ɗaga su, a bar yatsa biyu. Yanzu, da kwalin a wurin, a rufe rufin a hankali a buɗe, kana kallon ƙarafansa. Inda suka taɓa kwali, yanke. Kwali arha ne, tamfol da gilashin baya ba arha ba.

Kai wa mai walda kwalin ya lanƙwasa maka bututu mai faɗin milimita 12 zuwa 16, na alminiyom in yana iya waldarsa, in ba haka ba baƙin ƙarfe marar nauyi. Kusurwoyi a zagaye, ba tsini ko ɗaya, ba kan kusa da ke kallon ƙeyar mutum. Ka tsaya a kansa ya goge waldar sumul, don duk ƙaya ɗaya sai ta huda raga. A shafa jan fenti na tsatsa, a bi da baƙi marar ƙyalli. Kuma a gaya wa mai mota gaskiya: wannan firam ba ƙarfen kariya ba ne, ba zai riƙe komai ba in mota ta kife.

Raga baƙa za ka nema. Ido yana ratsa baƙar raga ya ga abin da ke bayanta, fara kuwa rana na dukanta sai ta zama bango. Gidan sauro na gado ba ya yi, kwana kaɗan zai yage. Ragar taga ta roba mai ƙarfi tana yi, ninki ɗaya in ƙananan idanu gare ta. Kafin ka saya, ɗaga ta ka kalli titi ta ciki. In ba ka iya gane mai mashin daga nesa, ta yi duhu. Ina ɗinka ta riga guda da zif a ƙasa, in bi gefunan da ledar kujera, yadda za a iya cirewa a wanke. Zaren foliyesta nake sawa, don na auduga da na nailan rana tana cinye su, ka ga raga lafiya lau amma ɗinki ya zube. Rigar ta fi firam ƙanƙanta da kusan santimita ɗaya kowane gefe, a sa ta da ƙyar, shi ne za ta ɗame.

Sai ƙasa. Tsakanin gindin firam da jikin mota in ka bar rata, duk iskar da ka tare a sama nan za ta taru ta shigo da ƙarfi. Ina ɗinka ɗan zani na leda ya sauka ya rufe wurin, a kama shi da maɓallai a jikin kafet. Ƙafafun firam kuwa a kan kusoshin da motar ta zo da su ake neman musu mazauni, ba sabon rami ba, kuma kowace kusa a ɗiga mata gam ɗin zare mai shuɗi, wanda ake iya kwancewa daga baya.

Gwaji

Yanka zaren saƙa guda huɗu masu tsawon taƙi ɗaya. Liƙa ɗaya a kan kowane matashin kai, ɗaya a tsakanin kujeru wajen birkin hannu, ɗaya a madubin tsakiya. Ɗauki mutum ɗaya ya zauna a gefe, shi ne mai kallon zare, kai hanya za ka kalla, don shanu da masu mashin ba su san kana gwaji ba. Ni hanyar Pitoa nake bi da safe, ban da ranar Lahadi da kasuwarsu ke ci. Ɗaga gilasan gefe duka. Wannan rabin aikin ne; makari da gilasai a sauke kusan aikin banza ne, iska ta gefe za ta zagayo.

A gudun 50 ba za ka ji bambanci sosai ba. Daga 70 zuwa 90 ne ake gane aiki: zaren matashin kai ya daina miƙewa gaba ya koma lilo, ku yi magana ba tare da ɗaga murya ba. In na wajen birkin hannu ne yake tashi, ratar ƙasa ce. In na kai har yanzu yana nuna gaba, makarin ya yi gajere ko ya yi nisa da kujera. Matso da shi ko ka miƙar da shi tsaye in ya kwanta baya da yawa. In gefe ɗaya ne kawai, duba tazararsa da gilashi. Ka kwantar da shi ka sake bin hanyar don ka ji bambancin da jikinka. Za ka kuma lura na'urar sanyaya mota ta fara amfani ko rufi a buɗe, haka hita da asubar Janairu, don iskar da suke hurawa ta samu wurin zama.

Amma kada wani ya ruɗe ka. Ba ya tare rana, ba ya tare ƙurar da ke gabanka. In ka faɗa bayan tirelar auduga a kan hanyar da ba kwalta, tsaya ka rufe rufinka.

Bayan mako guda ka bi kusoshin duka da sufana, don gargadar hanyoyinmu tana kwance abin da titin Turai ba ya kwancewa. Ragar kuma ƙura tana toshe idanunta har ta daina tsiyayar da iska, ta koma ja. Ruwa da sabulu da burushi mai laushi, a bar ta ta bushe kafin a rufe mota a kanta, in ba haka ba da damina sai wari. Filastik a fara kwarara masa ruwa ya tafi da yashi kafin tsumma ya taɓa shi, kuma ban da fetur, ban da maganin goge gilashi, suna sa shi ya yi hazo ya tsattsage.

In ƙara ta taso, kada ka hau kwance komai. Wanda ke gefe ya riƙa dafa wuri ɗaya-ɗaya kuna tafe a hankali a kan gargada, inda ya dafa ƙarar ta ɗauke nan ne. Ƙwas-ƙwas yawanci ƙusar gefe ce ta yi wasa a raminta, zagaye biyu na baƙin salatif a jikinta ya isa. Kiki-kiki leda ce ke gugar bayan kujera, matsar da kujerar gaba haƙori ɗaya. Fito kuwa, wanda ke tashi in an haura 80, bakin bututu ne mai walda ya bari a buɗe. Toshe shi da 'yar roba.